Alkachofa da Giyar Baba Fermin

Litinin, 5 ga Mayu

Baba Fermin ya kawo baƙo ma'ajiyar giya. Unai, mijin 'yar ƙanwarsa, da digirinsa na harkar giya daga jami'ar Logroño da farin takalmi. Farin takalmi, a cikin ganguna!

Shekara bakwai ina nan. Ban taɓa kurɓa ba, kowa ya sani, shinshinawa nake yi. Baba “Hancina” yake kirana. Yau ko sau ɗaya bai kira ba.

Laraba, 7 ga Mayu

An gama haɗin farar giyar bana: inabin viura kashi takwas, malvasia biyu. Ni na ce biyu tun lokacin sanyi, don ukun ya cika ƙamshin fure. Unai ya zo ya ce biyu, Baba ya dafa kafaɗarsa kamar shi ya halicci inabin.

Na zuba wa Unai gishiri a kofi. Ya shanye, ya ce na gode. Haushi.

Asabar, 10 ga Mayu

Masu gidajen abinci na birnin Bilbao za su zo Asabar mai zuwa. Wanda zai tsaya kusa da Baba ya faɗi abincin da ya dace da giyar, Unai ne. Wurina. Bara ni na tsaya, bara waccan ma.

Talata, 13 ga Mayu

Unai ya same ni ina wanke ganga. “Sufyan, kai ka san giyar nan. Da wane abinci za a sha ta?”

Na ce alkachofa, kayan lambun nan mai kama da furen da bai buɗe ba. Ko akuyar garin nan ta san alkachofa kashe giya take yi, ta bar baki zaƙi-zaƙi kamar an lashi cokali. Ya ce littafi ya hana. Na ce malam, littafinka bai taɓa shinshina gangar nan ba.

Ya rubuta. Sai da na shiga bayan ganguna na yi dariyata.

Juma'a, 16 ga Mayu

Inna Begoña mai girki ta ga takardar abinci, ta fito da ludayi a hannu. “Wane jakin ne ya rubuta wannan? A kicin ɗina?”

Baba ya tara mu. Ya tambayi Unai daga ina ya samo. Unai ya kalle ni, kallo ɗaya, ya ce, “Kuskurena ne, Kawu.”

Baba ya ce digirin banza. Gobe Sufyan zai tsaya.

Na samu wurina. Amma abincin rana a faranti na bar shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Na sa farar riga. Inna ta yi kifi da tafarnuwa da man zaitun, sai cukun akuya. Na yi bayanin ƙamshin giyar tiryan-tiryan: tuffa, ɓawon lemun tsami, ɗan ƙamshin ciyawa bayan ruwa. Suna ta gyaɗa kai.

Sai wata mata mai jan tabarau ta ce, “To ɗan samari, in an haɗiye fa, me take bari a harshe?”

Shekarun baya Baba ke amsa wannan. Yau sai kallona kawai yake ta ƙasan gira. Anya bai san ni na ce alkachofa ba?

Unai na can bakin ƙofa yana goge kofuna. Na ce, “Ni hanci ne, uwargida. Ga harshen gidan can.” Ya zo. Ya ce ɗan ɗacin almon, gyaɗar nan ta bishiya, wanda ke wanke maiƙon kifi. Matar ta tafa. Shi aka tafa wa. Har yanzu yana min ciwo.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na faɗa wa Baba ni na ce alkachofa. Ya ce, “Uhm,” ya ci gaba da ɓare lemunsa. Inna Begoña ta make ni a ƙeya.

Gobe zan nuna wa Unai ganga ta tara, wadda take wari tun watan jiya. Ba don komai ba. In ban nuna masa ba, sai ya ɗura wa mutane.

Ƙarfe bakwai na ce masa. Ni shida da rabi zan isa, kada ya riga ni.