Fitilar Mama a Bayanka

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu ma alhamdu lillahi, sai dai idon Baba.

Ka san shi da 'yan mutum-mutumin nan da ake jerawa a kan allo a yi wasa da su, waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Har yanzu mai shagon wasanni yana kawo masa su ya yi musu fenti, kuma yana yi kamar yadda ka bar shi. Zai shafe su da baƙi ƙirin, ya ja labule da tsakar rana, ya kunna 'yar tocila daidai inda fitilar da ke hannun mutum-mutumin take, sannan ya bi duk inda haske ya sauka da siririn buroshi. In ya gama, sai ka rantse fitilar tana ci.

Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa, watanni kaɗan suka rage ya daina gani. Baba kuwa ya ce tabaransa ne ya tsufa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa maka. Makon jiya ya sa haske a ƙarƙashin hular wani soja, inda inuwa ya kamata ta kasance. Da ya fita shan iska na ɗauki buroshi na gyara. Tun daga ranar, duk abin da ya ɓata ina bi ina gyarawa a ɓoye. Shi kuma sai ya duba ya ce ashe hannunsa bai mutu ba. Ina dariya, zuciyata tana kuka.

Shekara shida ke nan da ka kira aikinsa wasan yara ka fice. Ka zo ya gan ka tun yana gani.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya yara, yaya aiki? Amsarka ta iso. Ka ce sai aiki ya yi sauƙi. To, Allah ya kawo sauƙin.

Baba ya daina karɓar aikin mutane. Ya zaɓi mutum-mutumi huɗu daga akwatinsa ya ce mu ne. Mace mai riƙe da fitila ita ce marigayiya Mama. Tsoho mai sanda shi ne. Ni ya ba ni wata gajeriya mai ƙaton kai, ya ce ko bai yi fenti ba an san ni ce. Mu ukun ya gama mu, hasken Mama ruwan ɗorawa a kumatunmu.

Naka yana nan baƙi. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a yi wa mutum haske sai an san inda yake tsaye. Kullum sai ya ɗauke ka ya ajiye nan, ya ajiye can, ya kashe tocila.

Jiya ya zuba shayi a gefen kofi. Na goge tebur.

Taka,
Auta

Yayana,

Da fatan kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma ni na jawo.

Ranar Talata Baba ya wuni a kan naka, hancinsa kamar zai taɓa shi, idonsa yana ta ruwa. Da ya kwanta hutawa na je na duba. Fuskarka baƙa, ƙirjinka baƙi, haske duk yana bayanka, daga ƙeya har dunduniya. Na ce wayyo, Baba ya kasa bambance gaba da baya. Na shafe bayan da baƙi, na mayar da hasken fuskarka. Har na yaba wa kaina.

Ranar Juma'a ya tashi ba ya ganin komai sai hazo. Ya sa na kawo masa mu huɗun, ya lalube ka, ya ajiye ka can bakin allo kana kallon waje. Ya ce kai ka juya mana baya, amma fitilar uwarka ba ta daina haska ka ba, shi ya sa ya yi hasken a bayanka. Ya ce a duk aikinsa na shekara talatin babu wanda ya kai wannan, in aika maka.

Yaya, garin neman gira na rasa ido. Abu na ƙarshe da idon Baba ya yi, ni na shafe shi da hannuna, ban kuma iya mayar da shi yadda yake. Da ya tambaye ni ko hasken ya fito sosai, na ce ya fito.

Ba zan aika maka ba. Yana nan kan tebur, na juyo da shi yana fuskantar Mama. Ka zo ka tsaya inda na tsayar da kai, ko ƙaryata ta zama gaskiya.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Auta