Kaset ɗin Damagaram

Lyon, ran Litinin

Zuwa ga Yaya Illiassou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ameena. Yaya nauyin jikinta? Allah ya sauke ta lafiya. Baba da Inna suna gaishe ku. Na cusa takardar nan cikin ƙunshin kilishin da Alhaji Youssouf zai kawo maka, don saƙon murya ba ka saurara, amma kilishi na san za ka buɗe.

Ka tuna kaset ɗin da Kaka Fatsima ta aiko wa Baba daga Damagaram yana sabon zuwa Faransa, Inna tana amarya a can tana jiran takardu? Shi kaɗai ne muryar Kaka da ta rage mana. Baba ya ce in Allah ya ba ku mace sunan Kaka za a sa, kuma yana so a ji muryar a taron suna can wajenku a Saint-Denis, gefen Paris. Ya danƙa min shi, tunda ni ce mai karatun haɗa sauti. Zaren ya tsufa, in ya tsinke ban san da wane ido zan dubi Baba ba.

Shawararka ta in kara tarho a bakin rediyo in ɗauka, don Allah kada ka sake faɗinta a gaban mutane. Kart son ake buƙata, ɗan akwatin da ke karɓar sautin kaset ya juya shi ya shiga ordinatar, wato kwamfuta. Na zagaye unguwar Guillotière har ƙafata ta yi tsami. Masu tsadar na gaishe su daga nesa na wuce. A shagon Nassim, wani mutumin Aljeriya mai sayar da kayan sauti na hannu, na samu ƙarami mai tsabtar sauti, kuɗinsa bai fi ƙarfina ba. Ya so ya haɗa min da wani kas na sawa a kunne, baƙi, mummuna, wai shi ba ya ƙara wa sauti gishiri. Na ƙi. Nawa ja, mai bas, amon nan mai kauri da ke girgiza haƙora, me ya yi?

Ka gaida min Anti da kyau.

Ƙanwarka,
Rékia

Lyon, ran Alhamis

Yaya Illiassou,

Assalamu alaikum. Barka, barka! Yaya mai jego? Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya takwarar Kaka. Hoto ya iso. Hancinka ta ɗauko, sai haƙuri.

Kaset ya shiga ordinatar, zare bai tsinke ba, alhamdu lillahi, na kuma ajiye kwafi guda ban taɓa shi ba. Amma da na sa jan kas ɗina, sai ga wani dum-dum yana danne muryar Kaka daga farko har ƙarshe. Na ɗauka lalacewar kaset ce. Na bi shi na share tas, murya ta fito fes, na kai wa Baba shago ina ta hura hanci. Ya saurara, ya haɗe rai, ya ce wannan ba kaset ɗinsa ba ne, ya koma awon yadinsa. Na ji zafi ƙwarai, har da hawayena a cikin jirgin tram.

Na koma wurin Nassim na sayi mummunan kas ɗin. Yana ta murmushi, na yi kamar ban gani ba. Kai, Yaya, da na sa shi na buɗe kwafin da na ajiye! Ashe daka ne. Taɓarya ce ke sauka a turmi, ana cilla ta sama a yi tafi kafin a cafe. Nawa kas ɗin ne ya kumbura ta har ta zama hayaniya.

Na tambayi Inna wa ke dakan, sai ta ja gyale ta rufe fuska ta shige madafa. Baba ne ya ba ni labari yana dariya. Ranar ɗaukar kaset an yi an yi da Inna ta gaishe shi, ta ƙi, kunya ta hana ta yi wa miji magana a gaban uwarsa. Sai ta jawo turmi kusa da rediyon ta hau dakan gero. Shi kuwa ya san tafinta tun suna maƙwabta. Ya ce a ɗan ɗakinsa na Sevran, in ya gama jin nasihar Kaka, sai ya mayar da kaset baya don dakan.

Na sake haɗawa. Na rage shuu ɗin tsufa, na daidaita muryar Kaka, na bar taɓarya inda take. Na gwada a tarho, na gwada a motar Alhaji, ko'ina tafin yana fita. Da Baba ya ji, ya yi ta gyaɗa kai, har ya manta da mai sayen yadi a tsaye.

Inna ta ce in dai za a sa shi a gaban surukai, ba ta hawa jirgin Paris. Kada ka damu, ka dai tanadi lasifika mai kyau. Ɗazu na leƙa madafa na iske ta da mummunan kas ɗin a kunne, miya tana tafasa, ita tana tafi daidai inda tafin yake faɗowa.

Sai mun iso ran Asabar in sha Allah. Ka shafa min kan jaririya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rékia