Takin da Na Zuba wa Tumatirinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, Malamata wadda muryarta ta fi mini yayyafin farkon damina daɗi,

Ina yi miki sallama irin ta mai laifi, wanda ya iso bakin ƙofa ya kasa ɗaga labule. Kullum muna tare a ɗakin gwaje-gwaje, ni ina wanke kwalabe ina goge tebura, ke kina koyarwa, amma yau na fake a bayan takarda. Idan kika ɗago idanun nan naki kika dube ni, harshena ɗaurewa yake yi, kuma maganar da ke bakina ba ta jira.

Kin tuna yammacin da muka fito filin makaranta da 'yan ajinki, rana ta faɗi, muna jiran tashar sararin samaniya ta gifta? Ta ɓullo kamar tauraruwar da aka aika da saƙon gaggawa, 'yan mata suna ta ihu, ke kuma kika nuna ta da yatsa kika ce, “Irin tumatirinmu yana cikin wancan hasken, ku gaishe shi.” Kowa yana kallon sama, ni ina kallon ki. Wallahi har yau ban san ta inda tashar ta ɓace ba!

Bayan wata shida iri ya iso a ambulan biyu, ja da shuɗi. Ɗaya ya je sama ya dawo, ɗaya bai taɓa barin ƙasa ba, kuma ƙa'idar masu shirin da suka aiko da shi ita ce kada mai awo ya san wanne ne wanne sai an gama. Takardar da ta fayyace hakan kika miƙo mini a liƙe, kika ce, “Kai ne ba ka da rawar kai, ajiye mana.” Ni! Ashe kin ba da ajiya inda ba a ajiya.

Kuka shuka su a ƙasa ɗaya, da ruwa ɗaya, a akwatin nan mai fitila da aka ƙera irin na can sama. Shuɗi ya tsiro tsaf, ja kuwa ya yi ta nawa, ya fito a ƙanjame kamar mai jin kunyar duniya. Yara biyu suka yi zaton ja ne ya je sama, suka ce abin sama ashe ba komai ba ne, suka daina zuwa awo. Na hango ki tsaye a gaban tiren shukar, kin cije leɓe, fuskar da na saba gani kamar hantsi ta yi duhu. Ya abar ƙaunata, wace zuciya ce za ta ga haka ta zauna lafiya? Tawa dai ta kasa, ta kuma zaɓi hanyar banza.

Na kara takardar a tururin butar shayi na buɗe. Ja ne ya je sama. Na ɗebo takin zamani a ɗakin ajiyar mai lambu, na jiƙa shi a ruwa, na zuba wa ja shi kaɗai, ranar Litinin da safe kafin a kaɗa ƙararrawa. Ba sau ɗaya ba, masoyiyata. Sau biyar.

Sauran ke kika fi ni sani. Ja ya miƙe ya zarce ɗan'uwansa da santimita tara, yaran da suka gudu suka dawo suna rige-rigen riƙe rula. Kika same ni a bakin famfo kina haki, kika ce, “Zo ka ga ikon Allah!” Na zo, na gani, har da riƙe baki. Kaicona! Murmushinki na ranar ya fi furen da ya sha raɓa kyau, amma na sata ne, ban cancanci ganin sa ba.

Jiya wannan yarinyar mai gardama da kuke kira Lauya ta tambaye ni, “Malam, me ya sa bakin ƙasar ja ya yi fari-fari kamar gishiri?” Kafin in ƙirƙiro ƙarya kika amsa mata, “Rubuta shi. Abin da ido ya gani ba a ɓoye shi.” Wata uku kina koya musu gaskiyar awo, ni ina bayanki ina warware miki aiki, ina kiran abin ƙauna.

Jibi Alhamis za ki aika wa masu shirin sakamako, a jera shi da na sauran makarantu, shugabar makaranta kuma ta gayyaci iyaye. Idan naku kaɗai ya fita daban, tambaya za ta biyo baya, kuma ba sunana ne a ƙasan takardar ba, naki ne. Don girman Allah kada ki sa hannu. Awon shuɗi yana nan da tsarkinsa. Na rubuta ranakun da na zuba takin da yawansa a bayan wannan wasiƙa, kuma akwai ƙwayar ja goma sha ɗaya da suka rage a ambulan, idan kina son a sake daga farko.

Na san ƙarshen wata magabatana za su je wurin mahaifinki. Idan kin ce su dakata, za su dakata, ba zan ce uffan ba. Amma yaya zan yi da zuciyar da ba ta san kowace hanya ba sai ta wurinki? Bishiya takan daina neman ruwa don an sare mata reshe?

Gobe da ƙarfe takwas zan shigo ajinki in faɗa wa yaran da bakina, daga nan in wuce ofishin shugaba. Abu ɗaya nake roƙo, domin na san halinki: kada ki kare ni a gabansu. Bar su su ga abin da na yi yadda yake, su rubuta shi.

Naki, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ranar da numfashina zai ƙare,

Mai kula da ɗakin gwajinki