Kwamfutar Baba Ta Daina Ƙugi

Hayin Banki, daren Laraba

Na ɗauka haɗa wayoyi ne zai wahalar da ni, kamar yadda ɗalibaina suke zato. Ashe wahalar ba a nan take ba. Yau na gama sa sabon allo da 'yar ƙaramar na'ura a cikin kwankon tsohuwar kwamfutar marigayi Baba, don Umma ta riƙa kallon hotunansa.

Na kunna, hoto ya fito tar. Umma ta ɗora tafinta a kai, ta daɗe.

"Auwalu, ina ƙugin? Da shi nake sanin yana gida."

Na ce, "Sabuwar ba ta ƙara, Umma."

Ta rufe ta da zane, ta fita. Tsofaffin kayan cikin kuwa tun jiya na ba mai gwangwan. Har yanzu ban ji komai ba. Na ci tuwona.