Tasar Inna

Litinin, 5 ga Mayu

Ka yi haƙuri littafina, na sake zuwa maka da damuwa. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Tasar Inna ba ta cikin kayan da muka kwaso daga tsohon gida. Na zazzage kwali bakwai, wasu har sau biyu. 'Yar tasar tagulla ce mai lotsawa a gefe, wadda Inna, Allah ya jiƙanta, take ƙwanƙwasawa da zobenta in za ta kira mu. Gidan an rushe shi. Fuskar Inna ma sai na yi da gaske nake haɗo ta. Zoben yana yatsana, amma me zai buga?

Talata, 6 ga Mayu

Innalillahi. Na tuna. Buhun da na ba 'yata Auta! Ta ce in tara mata tsofaffin makullai da hannuwan ƙofa, za a narka ta yi aikin zubinta. Ni na tattara, ina sauri mota na jira. Kira tara, wayarta a kashe.

Laraba, 7 ga Mayu

Na je maƙerar. Shekara shida 'yata tana aiki a can, ban taɓa taka ƙofar ba, saboda siffofin nan masu fuska da raina bai kwanta da su ba. Yau na shiga kaina a sunkuye.

Mai zubin dattijo ne, gemunsa duk ya babbake. Ya ce, "Ai mu, baiwar Allah, da kunne muke zaɓen tagulla. Sai mu buga, wadda ta fi kuka ita ke fara shiga wuta. Tasarki kuwa, wallahi rabona da jin irinta an daɗe!" Shi a wurinsa yabo yake yi. Tun Asabar aka narka.

Auta ta fito hannu duk laka. Na ce mata, "Kin narka kakarki." Ni ɗin nan, a gaban mutane. Ta ce, "Umma…" Ban tsaya ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na wuni a ɗaki, ko ƙofa ban leƙa ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Na jera kwanukan gidan nan ina bugawa da zoben, ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata ta leƙo, wai, "Lafiya? Ko makaɗiya za ki koma da girmanki?" Na yi mata dariyar dole. Abin da ya tsorata ni, da bugun ya yi yawa sai ƙarar ta asali ta ɓace min a kai. Na nema, na nema. Ya Allah, kar ka karɓe wannan ma.

Talata, 13 ga Mayu

Auta shiru. Istigfari nake ta yi, alhali na san haƙƙin mutum sai shi ya yafe.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai zubi ya kira, wai an fasa lakar da aka yi zubin a ciki an goge aikin, in zo. Auta ba ta nan, na san ni ta kauce wa.

Babu fuska. Allo ne na tagulla mai ɗan kwari a tsakiya. Ya ce kafin a rushe gidan Auta ta je ta danna kakin zuma a bangon ƙofar ɗakin Inna, daidai inda dafawar hannun Inna ta cinye, ta ɗauko siffar wurin. Na sa tafina. Ya zauna cif.

Na ƙwanƙwasa da zoben. Ba ita ba ce. Ta fi kauri, makullan sun shiga muryarta. Amma can ƙarshe, inda ƙarar ke siririncewa… ban sani ba. Na dai buga sau uku, yadda take kiran mu.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ban ce na haƙura ba. Kalandar falo kuma tsufa ta yi, shi ya sa na cire ta. Ƙusar tana nan, tana da ƙarfi, na gwada, za ta ɗauki allon.

Na tura wa Auta saƙo: "Ni na sa tasar a buhu, ba ke ba. Ki yafe wa uwarki. Don Allah ki amsa min da wuri, ko da kalma ɗaya ce."

Wayar tana kan cinyata.