Haƙoran Zulkiflu Biyu

Al Asmakh, Doha

Yaya Atine,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da su Firdaus. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai hannuna na dama ya ɗan kumbura, shi ya sa rubutun ya karkace.

Maganar digirin nan na biyu, shari'a haɗe da hulɗar ƙasashe, ta kusa. Na ci jarrabawar Turanci, malamai biyu sun rubuta mini shaida. Saura takardar digirina ta asali, da takardar 'yan sanda cewa ban taɓa laifi ba.

Ranar Juma'a na dawo daga gadi na tarar Zulkiflu, ɗan Hajiya Haulat, wanda muke ɗaki ɗaya, ya ɗora tukunyar miya a kan takardar digirin. Manja ya cinye sunana. Na yi magana ya yi dariya, wai mai gadi ne zai zama lauya. Yaya, ban san lokacin da na shaƙe shi na buga bakinsa da ƙarfen gado ba. Haƙora biyu suka zube, jini har bango. Sai da mutum uku suka ɓamɓare ni.

Bai kai ƙara ba tukuna. Ya ce sai abin da uwarsa ta ce. In ya kai, khalas, shi ke nan, ba karatu, ba aiki.

Don Allah ki ɗauki Kawu Surajo ku je mata da goro. Kada Inna ta ji. Kuma kada ki kare ni. Takarda jami'a za ta sake ba ni, haƙori kuwa ba ni da inda zan samo masa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Haliru