Awon Baffa a Kufan Rumawa

Alhamis, 8 ga Rabi'ul Awwal, 1289. Gaya.

Gobe za mu bi ayarin Kukawa, daga can sai Tarabulus in Allah ya yarda. Mu uku ne daga gidanmu: ni, da Baffa Kabo ƙanin mahaifina wanda ya riƙe ni tun ina maraya, da ɗansa Hamma. Jar fata muka ɗaure. Baffa ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon hatsi a kasuwar Gaya, bai taɓa wuce Haɗeja ba, yanzu da furfura ya ce sai ya ga teku. Har mudunsa ya cusa a kaya. Na ce wa zai auna wa a cikin rairayi? Ya ce in ji da raƙumi in bar masa mudu.

Inna Barira, matarsa, ta ja ni bayan rumbu. "Umara, kai ne mai hankalin. Ka dawo mini da tsohon nan." Na ce to. Ba ta yi zancen Hamma ba. Ƙato kamar Hamma, wa zai kawo komai a ransa.

Litinin, 8 ga Shawwal. Gaba da Murzuk.

Hamma ya rasu jiya da la'asar. Zazzaɓi. Mun binne shi a gefen hanya, muka jera duwatsu. Baffa bai yi kuka ba.

Talata, 8 ga Zulƙida. Tarabulus.

Mun sauka gidan Maikuɗi, Bakano ne da ya daɗe a nan yana saukar da fatake. Fata ta shiga, babu laifi. Amma Baffa ba ya ci. Tun ranar da muka binne Hamma, sai dabinon da na jiƙa, ya kurɓi ruwan ya ture sauran. Rigarsa ta yi masa yawa. Ga tekun da ya baro gida dominsa, daga soro ana hango shi, ko ɗaga kai bai yi ba.

Na lallasa, na roƙa, na jawo ayoyi. Sai ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya juya wa bango fuska. Tsoro nake ji. Da wane baki zan shiga gidan Inna ni kaɗai?

Juma'a, 11 ga Zulƙida.

Na yi masa tsawa yau. Ni, Baffa. Bai ma ji haushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Mutumin da in ka taka masa gefen tabarma sai unguwa ta ji.

Wani abu kuma, a nan kaɗai zan faɗa: ni ma ai a gidansa na tashi. Ni ke ɗora shi a raƙumi, ni ke sauke shi. Ya dube ni mana.

Lahadi, 13 ga Zulƙida.

Maikuɗi ya ce gobe zai kai mu Labda, wani kufai na mutanen dā da ake kira Rumawa, can gabas a bakin teku. Wai duk baƙon da ya sauka gidansa sai ya kai shi kallo, wai kuma iskar wurin za ta yi wa Baffa amfani. Na ce kufai ai muna da su a hanyar Gafasa, ba wanda ya taɓa ɗaure kaya don ya je ya gani. Ya yi dariya. Na yarda ne kawai don zaman ɗakin nan ya ishe ni.

Alhamis, 17 ga Zulƙida. Labda.

Alhamdu lillahi. Bari in bi abin daki-daki.

Mun iso da hantsi, ana sanyi. Na yi sallama da ƙarfi kafin mu shiga, na karanta abin da ya sawwaƙa, don wuri irin wannan ba ya rasa masu shi. Maikuɗi na ta murmushi, amma na ga leɓensa na motsi shi ma. Ginshiƙai ne na farin dutse, wasu a tsaye, wasu a kwance, rairayi ya cinye rabinsu. Kowane ɗaya mutum biyu ba za su rungume shi ba. Na yi niyyar in raina, ban samu ta inda zan fara ba.

Ya kai mu wani fili ya ce nan ce kasuwarsu. Da na duba sosai sai na gane: ga inda rumfuna suke a zagaye, ga teburan dutse, bakin wani har ya lotsa saboda goga. Babu kowa sai awakin wasu makiyaya. Raina ya ɗan sosu. Na tuna layin 'yan hatsi na Gaya ranar kasuwa, yadda ba ka jin maganar na kusa da kai.

Muka jingina Baffa da wani ginshiƙi, muka rufa masa bargo. Kusa da shi akwai wani faffaɗan dutse da aka fafe ramuka a jikinsa, babba da ƙanana, kowanne da ƙofa a gindi. Maikuɗi ya ce Larabawa sun ce da shi Rumawa ke awo. Da ma lokacin ɗora tukunya ya yi, sai na ce bari in gwada mudun matattu. Na toshe gindin ɗaya da tsumma, na kwance taikin sha'ir, hatsin ƙasar nan, na zuba. Da ya cika na sa tafin hannu na shafe bakin, yadda na ga 'yan Tarabulus na yi.

"Wa ya koya maka awo babu tozo?"

Na waiwaya. Baffa ne, ya yaye bargo, idonsa a kan hannuna. Na ce haka ake yi a nan. Ya ce, "A nan. Kai ɗan nan ne? Ɗaga ni."

Na ɗaga shi. Ya dafa dutsen, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya jefa a baki, don bai taɓa auna hatsin da bai tauna ba. Na ɗauke numfashi. Ya tauna, ya haɗiye, ya ce sha'irin ya sha raɓa, an cuce mu. Ya sa aka ciro mudunsa, ya juye na ramin a ciki, ya dawo da shi, ya sake. Ya ce na Rumawa ya fi na Gaya ciki, amma bakinsa ya cika faɗi, tozo ba zai tsaya da kyau ba. Duk da haka ya tsayar da shi. Yana zubawa a hankali daga sama har ya yi tsini, sannan ya ƙara ɗan hannu a gefe ya ce, "Gyara." Ga wa, ban sani ba. Sai a nan hawaye ya zubo masa. Muka ba shi wuri.

Da na zo mayar da rabin a taiki, don ya fi ƙarfin cikinmu, ya buge mini hannu. Abin da aka auna ba ya komawa taiki, dokarsa ke nan tun ina yaro. Dole muka daka duka, na dama kunu cike da tukunya, muka kira makiyayan. Na miƙa wa Baffa ƙwarya da ludayi. Ya kurɓa ya ce ba tsami, ba kanwa, da Barira ta ga wannan da ta zubar wa kaji. Yana faɗa yana sha. Ya shanye, ya miƙo ƙwaryar.

Na zagaya bayan ginshiƙi na yi sujada.

Juma'a, 18 ga Zulƙida.

Ya ci gurasa da man zaitun. Ya zage ni a kan ɗaurin kaya. Ban taɓa jin daɗin zagi haka ba.

Ya kuma ce a kai shi bakin ruwa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Hamma ne ya fi son ya gani.

Asabar, 15 ga Shawwal, 1290. Gaya.

Mun dawo tun kafin salla, ban samu sukunin rubutu ba. Labarin Hamma ya riga mu isowa. Inna ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba.

Kaka ta yi kyau, dawa ta cika kasuwa. Madugu ya aiko yana tambaya ko zan bi ayarin baɗi. Ban ba da amsa ba tukuna. Ina zama rumfar Baffa ne kawai kafin hannunsa ya yi ƙwari, ba wai na zama ɗan awo ba. Ɗan farin dutsen da na tsinto a Labda ma don danne tabarma ne, iska ta yi yawa a layinmu.

Ɗazu wata mata daga Kademi ta shimfiɗa zanenta a gabansa ta ce a auna mata. Ya turo mini mudun da ƙafa, ya ce, "Ɗana zai auna miki."

Ban ɗaga kai ba. Tozon dai ya tsaya.